Gurasa Ɗaya, Ƙoƙo Biyu

A tashar jirgin ƙasa ta Ringim, wani leburan reluwe ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai tallar gurasa.

"Inna, zaɓo mini ɗaya mai kyau. Ta ibada ce."

"Wace ibada ake yi da gurasa, ɗan nan?"

"Mu Kirista ne. Gobe Lahadi za mu ci Jibin Ubangiji, mu duka."

"Ku duka, gurasa ɗaya? Kai, wannan rowa da yawa take!"

"Ba don ƙoshi ba ne, Inna. Gutsurawa ake yi kowa ya samu, a tuna da yadda Almasihu ya ba da jikinsa dominmu. Sai a zagaya da ƙoƙon ruwan inabi, a tuna da jininsa. A wurin nan babu babba babu yaro."

"To, wannan kam na gane. Mu ma wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya ya zama ɗan'uwanka. Har da Baturen mishan ɗin naku?"

"Ai shi ke gutsura mana da hannunsa."

"Ikon Allah! Bature ya kafa baki a ƙoƙon da lebura ya kafa?"

Leburan ya sunkuyar da kai, yana jujjuya gurasar.

"Shi... yana da nasa kofin. Wai saboda cuta."

Tsohuwar ta ɗauko wata gurasar ta miƙa masa.

"Ungo, kyauta. Kai masa tasa daban, kada ku ɓata masa."

Leburan bai miƙa hannu ya karɓa ba.