Sufanar Ingila a Kan Notin Faransa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Daddara nake rubuto maka, kuma raina a ɓace yake.

Na sayo tsohuwar mota a Maraɗi, ƙirar Faransa. Da birkinta ya fara sanyi, na ce ni zan gyara abata. Na je kasuwar Jibiya wurin wani mai sayar da kayan gyara, na nemi sufana, na faɗa mashi motar daga ƙasar Faransa take. Ya miƙo mani sufanar Ingila, ya ce, "Malam, noti ai duk noti ne."

Ƙarya yake! Awon Faransa daban, na Ingila daban. Sufanar ta riƙa zamewa tana cinye kan noti, ni kuwa ina zaton ya ɗauru. Ranar da na ɗauko innata za mu biki Maraɗi, muna isa kan iyaka na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Muka karya sandar kwastan, inna ta fasa goshi.

Da na koma wurin mai kayan gyaran, wai hannuna ne ba ƙarfi.

Jama'a, in kai shi gaban alƙali, ko in gwada mashi ƙarfin hannun? Ina gaida direbobin Jibiya duka. Shi kuwa, Allah ya isa.