Mai Gadin da Ke Ciyar da Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro na iyaye da malamai, Alhaji Jumare. Wakilin mai unguwa, ranka ya daɗe. Limamanmu da fastocinmu. Shugabar makaranta da malamanta. Alhaji Almu, wanda ya yi wa 'ya'yanmu kyautar akwatin gilashin nan na kifi. Iyaye mata da iyaye maza. Da ku da kuka tsaya ta taga saboda benci ya ƙare, ina gaishe ku duka. Na gode da aka ba ni dama. An ce minti biyar. Zan yi ƙoƙari, amma kun san ni.

Shekara talatin da suka wuce, ina tuƙa tanka, muna layi a Apapa, wani kuku ya ba ni labarin ogansa. Wai mutumin zai cika akwatin gilashi da ruwa, ya yi kwana arba'in yana zuba masa abinci, alhali ko kifi ɗaya babu a ciki. Wai renon ruwan yake yi. Na ce wa kukun, ko dai oganka ya taɓu, ko kai ka fara ɗanɗana abin da yake sha. Na yi dariyata, na manta. Ashe labarin yana nan yana jirana a Agege.

Jama'a, takardar da ke gaban shugaba ta ce a sallami Hamani, mai gadin makarantar nan. Laifinsa, wai an damƙa masa kifi sun mutu, wai kuma an sha ganinsa yana barbaɗa wani abu a ruwan. In aka ɗaga hannu yau, gobe zai kwashe iyalinsa daga ɗakin bakin ƙofa, bayan shekara tara yana tsaron yaranmu. To, kafin a ɗaga hannu, a bar ni in lissafa yadda aka yi, tunda da ni aka yi.

Na farko. Akwatin ya iso ranar Alhamis. Ranar muka cika shi daga famfo, ranar aka ɗauko kifi goma sha biyu daga Oshodi a cikin motar danfo, ranar muka juye su, muka yi tafi. Kafin wata Alhamis duk sun juya ciki sama. Muka ce bakin mutane ne. Muka wanke akwatin tas, muka sake sayo goma sha biyu. Waɗannan ma ko sati ba su yi ba. Muka ce mai sayar da kifin ne ya cuce mu. A duk wannan, Hamani bai taɓa akwatin ba. Ƙofa yake buɗe mana, mu shiga mu yi ɓarnarmu, mu fito ya rufe.

Na biyu. Hamani ya same ni a gindin mangwaron can, ya ce, "Baba, ku bar mini akwatin makarantar nan sati shida. Na yi gadi a gidan da ke da irinsa. Ruwanku ɗanye ne." Na ce, "Hamani, dafa shi za ka yi?" Ya ce, "A'a Baba, renonsa zan yi." Sai na tuna Apapa. Amma girman kai bai bar ni na ce na taɓa ji ba.

Shugabar makaranta ta yarda. Ya tari ruwa a duro, ya bar shi kwana biyu maganin famfo ya fice. Ya roƙo tsakuwa cike da hannu daga wani tsohon akwati mai kifi lafiyayyu, ya haɗa da tamu. Kullum da safe ya ɗebi abincin kifi da ɗan yatsa biyu, ya barbaɗa a ruwan da babu kowa. Abin da aka gani ke nan. Masu okada na bakin titi har suna suka sa masa, wai Mai Kiwon Ruwa.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ku buɗe kunne. Malama Laraba, mai koyar da kimiyya, ta zaunar da ni ta yi mini bayani kamar ɗan aji biyu. Kifi a inda yake zaune nan yake bayan gida. A kogi ruwa ya tafi da shi. A akwati ina zai je? Sai ya zama guba, ya ƙona masa wurin numfashi. Amma akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, da ke zama a jikin tsakuwa da soson da ke cikin injin tace ruwa. Wasu su ci gubar su mayar da ita wata, wasu su ci wannan ɗin su mayar da ita abin da kifi zai jure. Sabon akwati ba shi da su. Sai an ciyar da su sun hayayyafa, kuma ba sa sauri don wani. Na ce, "Malama, ai wannan aikin kindirmo ne, a sa ɗan tsohon nono a sabuwar madara, a rufe, a jira." Ta ce, "Baba, ka ci jarrabawa."

Sati biyar Hamani yana wannan aiki. Ruwan ya yi hazo, ya washe. Tsakuwar ta yi ruwan ƙasa. Malama tana ɗiga maganin gwaji a kwalba, launin yana sauyawa yadda ake so. Saura sati ɗaya.

Na huɗu. Sai saƙo ya zo cewa kansila zai ziyarce mu ranar Asabar. Ranar Juma'a muka aiki Hamani Oshodi ɗauko kujeru da rumfa. Muka leƙa akwatin, mu 'yan kwamiti, muka ce haba, wannan dauɗa za a nuna wa baƙo? Muka naɗe hannun riga. Muka zubar da ruwan sati biyar a kwata. Muka dirje tsakuwa da sabulu har tana ƙyalli. Soson nan kuwa, jama'a, ni na wanke shi da hannuna, sau uku, ina jin daɗi. Muka cika daga famfo, muka zuba kifi ashirin. Kansila ya yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto. Ran Laraba yara suka zo suka tarar da gawawwaki.

Hamani da ya dawo ya ga tsakuwa fara fat. Ya dafe kai, ya koma bakin ƙofa. Shi ne yau muke neman kora! Haba jama'a! Mu muka yi gaggawa sau uku, shi ya yi haƙuri sau ɗaya, kuma haƙurin ne laifi? Shekaru muka yi ana ba mu umarni a ce nan take, har muka zaci komai haka yake tafiya. Shekara biyu ke nan da soja suka koma bariki, amma sun bar mana nan take a cikin kanmu. Ruwa ba ya jin umarni. Bai san kansila ba, bai san kwamiti ba.

Don haka roƙona uku ne. A yage wannan takarda. A mayar wa Hamani akwatin, a sa masa kwaɗo, mabuɗi ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun Malama Laraba, kada ɗan kwamiti ya matso kusa, musamman ni. Kuma in gwaji ya nuna ruwa ya nuna, a fara da kifi uku kacal, ko da gwamna ne zai zo. In soso ya toshe, a ɗauraye shi da ruwan akwatin, sabulu ya tsaya a banɗaki.

Allah ya raya mana yaran nan, ya ba malamansu juriya da su da mu. Allah ya saka wa Alhaji Almu, ya huce masa takaici. Allah ya zaunar da Agege lafiya, ya kai kowa gida lafiya, na Abule Egba da na bayan layin dogo. Allah ya yafe mana kifi arba'in da huɗu.

Sai abu ɗaya. Na ce muku kuku ne ya fara gaya mini ana renon ruwa, na ƙaryata shi. Hamani ya gaya mini, na yi masa ba'a. Malama ta gaya mini, na fahimta, amma da aka ce baƙo na zuwa na mance. Shekaranjiya na je gaisuwa wani gida, na tarar da akwati a falo, kifi jajaye suna ta shawagi, shekararsu biyu. Mai gidan ya ce, "Ai sirrin a jira ne. Sati shida Hamani ya rena mini shi." Wanda ya gaya mini na ƙarshe ke nan, kuma ga shi zaune da takardar a hannunsa. Alhaji Jumare, ranka ya daɗe, ko in ara maka hannu wajen yagewa?

Na gode.