Ranar da Iska Ta Ɗauke Mini a Masussuka

'Yan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku ɗan matso kusa ku ji, abin da dariya a ciki, amma hannun Ubangiji ne.

Kun tuna shekarar da hatsi ya yi tsadar nan, har muka koma cin tafasa da rama safe da yamma. A daminar ce rumbunmu ya sha ruwa ya zauna, maigidana kuma ciwon baya ya kwantar da shi. Sai gero ya nuna, wake na jiran roro, gyaɗa na jiran cira, ga awaki, ga jikoki a hannuna. Tunda babu rumbun da za a jera dami, dole a sussuke geron duka a ɗura a buhu.

Ni kuwa na zama wata iri. Ina tuƙa tuwo hankalina na gona, ina gona hankalina na murhu. A sujada bakina na waƙa, zuciyata na wurin turmi. Jikata ta zo nuna mini haƙorinta da ya fita, na ce ta ba ni wuri. Kaina kullum kamar an ɗaure shi da igiya.

Ran nan matan unguwa suka taya ni sussuka tun safe, da azahar kowa ta koma gidanta. Ga gero tuli a fili, cakuɗe da ƙaiƙayi, saura shiƙa. Sai iska ta ɗauke cak, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Gabas kuma hadari ya fara haɗowa. Buhunan da na aro ba za su ɗauke shi da ƙaiƙayi ba, in kuwa ruwa ya same shi a ƙasa, abincin shekararmu ya tafi.

Kowace mace ta san ba a shiƙa babu iska. Ni ma na sani tun ina yarinya. Amma na cika ƙwarya, na ɗaga sama, na zubo. Ƙaiƙayi ya bi tsaba ya koma inda ya fito. Na juya kudu, na juya arewa, har da hurawa da baki. Jikina duk ƙaiƙayi, ina susa ina hawaye.

Maƙwabciyarmu Inna Gambo, tsohuwa Musulma da muke danga ɗaya shekara da shekaru, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "Saratu, wanka kike yi da geron?"

Na ce, "Inna, ba ki ga gabas ba ne?"

Ta ce, "Na gani mana. Ke za ki tura hadarin baya, ko ke ce mai kiran iska? Ajiye ƙwaryar nan, kin fi awakinki hayaniya."

Don haushi na ajiye, ba don biyayya ba. Sai na durƙusa a gefen tulin. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Geron naka ne, iskar taka ce, ni ma taka ce. Ka riƙe, hannuna ya kasa."

Ko kara bai motsa ba. A ƙirjina ne abu ya sauka. Na ji kukan kurciya, na ji ƙamshin sabon gero wanda duk kakar ban tsaya na shaƙa ba. Inna ta miƙo mini gyaɗa, na zauna muna ci. Hadari na tahowa, ni kuwa har da dariya.

Muna nan zaune sai gefen zanena ya kaɗa. Ashe hadarin da nake tsoro shi ya turo iska gabansa, mai sanyi, daidai shiƙa. Inna ta ƙwala wa surukanta kira, suka fito da ƙorensu. Ƙaiƙayi ya yi ta tafiya yamma kamar hayaƙi. Muna jan buhun ƙarshe cikin zaure ruwa ya sauko. Ɗan abin da ya rage a ƙasa ya jiƙe, kaji suka yi biki.

Aiki bai ragu ba, wake da gyaɗa na nan suna jirana. Amma igiyar nan ta sake mini kai, na yi su ɗaya bayan ɗaya, ina ma waƙa. Yabo ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, ya san lokacin da zai aiko da taimako.

Ke fa, 'yar'uwa, me kike ta ɗagawa tun safe da ya kamata ki ajiye ki durƙusa?