Saƙon Sadiƙa Na Nan Tashar Sakkwato

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Mai girma shugaban wanga taro, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamanmu na allo da na boko, iyaye mata da ke bayan rumfa, ɗiyanmu da sunka samu gurbin jami'a bana, da ɗaukacin jama'ar Sabon Birni da Isa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na gode da kunka miƙa wa direba lasifika gaban malamai. Sunana Halliru, shekara ashirin ina kai mutane da saƙo Sakkwato.

Magana ta farko, laifina za ni faɗi. Kun san Malam Wada na Burkusuma, kun san Larai da ta koma gidan iyayenta garin Isa bayan aurensu ya mutu. Ɗiyarsu Sadiƙa tana aji biyu a jami'a shekarar da anka yanke layin waya. Babu kira, babu tura kuɗi, sai abin da direba ya ɗauka. Su kuwa ko gaisuwa ba su yi, ni kaɗai ke ganin kowanensu.

Wada ya tare ni kasuwa ya ce, "Uwatta na aika mata?" Na ji nauyin tona asirin Larai, na ce tana aikawa. Ya ce, "To madalla, tunda ita ta ɗaure mata gindin boko." Larai ta tsai da ni Isa ta ce, "Ubanta na aika mata?" Na ji nauyin tona asirin Wada, na ce shina aikawa. Ni ina ganin zaman lafiya nike gyarawa, ashe tukunyar yarinya nike kifewa.

Duk Laraba in na shiga tashar Sakkwato, Sadiƙa na tsaye gindin dogonyaro da shuɗin hijabi. "Baba Halliru, akwai saƙona?" In ce sai wani mako, in ba ta abin shan fura. Wata uku muna haka. Ran nan ta gaji, ta shiga wata mota ta taho don ta tambayi iyayenta da bakinta. Kun san halin da hanyarmu ke ciki. An ga motar gefen daji, ƙofofi buɗe, babu kowa. Har yau babu gawa, babu kira, babu labari.

Magana ta biyu, ban san sunan da za ni ba ta ba. Tun daga sannan Wada na aiko gumba, Larai na aiko ƙuli-ƙuli da sabulu, ko Allah ya sa ta ɓullo. Ina ajiyewa shagon Tani mai fura can tashar Sakkwato, har sun cika kanta, kuma ko ɓera bai taɓa su ba. Ni ba mai tsoro ba ne, na bi hanyar da soja ke shakka. Amma sau uku Tani na ce mini, "Wata yarinya mai shuɗin hijabi ta zo da rana tsaka, ta tambaya ko motarka ta iso. Kafin in ɗauko ƙunshin, ban gan ta ba." Tani ba ta taɓa sanin Sadiƙa ba, bayan ɓatanta ta buɗe shagon. Wallahi in na doshi dogonyaron nan sai in kau da kai.

Magana ta uku, roƙo. Aure na mutuwa, haihuwa ba ta mutuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannuwa biyu da kowane ke jiran ɗan'uwansa. Duk waɗanda sunka rabu kuma suna da ɗa a jami'a, su zauna gaban mai unguwa, a faɗa a ji: wa ke da kuɗin makaranta, wa ke da abinci. Kada a bar wa zato, kada a bar wa direba.

Ga Marwan, ƙanen Sadiƙa, cikin waɗanda muke wa murna yau. Malam Wada, ina ganinka gabas ga rumfa. Larai, na san kina jina. Gobe da safe za ni Sakkwato da shi, amma ba ni tada mota sai kun yi magana gaban jama'ar nan. Mai jira guda ta ishe ni gindin iccen nan.

Allah ya bayyana Sadiƙa, in ta riga mu ya jiƙanta, ni kuma ya yafe mini. Allah ya tsare hanyoyinmu, ya tsare ɗiyanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.