Ƙafar Manu da Gayyar da Ba a Kira Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wannan zama, mai girma Farfe, shugaban gundumarmu, da jami'an da ke tare da shi, sarakunanmu masu martaba, malamanmu masu daraja, baƙinmu wakilan ƙungiyar da ta yi mana wannan kyauta, abokan aikina na gidan likita, iyayena maza da mata, jama'ar Matameye: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Godiya ga waɗanda suka kawo mana wannan na'ura, kuma godiyar ba ta fatar baki ba ce. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawan magana, zamanin da muke ciki kuma ya ƙara koya wa kowa auna harshensa. An ce in yi bayanin na'ura in zauna. Zan yi bayanin, amma ina neman izinin shugaba in ƙara magana ɗaya kafin in zauna.

Na farko, aikinta. Kowa a nan ya san gyambo, mikin da ke cin nama shekara da shekaru. Ana cusa soso mai tsabta a cikinsa, a rufe da leda mai manne wa fata yadda iska ba za ta shiga ba, a haɗa tiyo zuwa inji. Injin yana zuƙe mugunya ba hutawa, kamar ƙahon wanzamin da ba ya gajiya. Tare da zuƙar yana aika wani sauti da kunne ba ya ji, mai girgiza naman a hankali, matacce ya saki, jini ya farka, sabo ya taso. Na gani da idona, tana aiki.

Na biyu, sharaɗinta. Tana son kuran, wato wutar lantarki. Kun san halin kuran a garin nan, ba zan shiga dalili ba, batir muke lallaɓawa. Amma babban sharaɗinta shi ne mutum ya kwanta. Idan aka raba shi da injin alhali soson na ciki, magani ya koma dafi, domin rufaffen miki cikin wannan zafi dahuwa yake yi.

Na uku, Manu, kuma da izininsa nake ambatonsa. Magidanci ne daga wani ƙauye a hanyar Tsauni. Ya tafi cin rani Kano yana dako, ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri, ya dawo gida da gyambo. Shi muka fara ɗorawa a kan na'urar, naman ya fara cikowa har muna murna. Sai ruwa ya sauko, bayan shukar farko ta ƙone a gonakinmu duka. Da safe muka tarar da gado wayam, tiyo yana reto, inji yana kuka. Manu ya tafi shuka da soso a ƙafarsa.

A amalanke matarsa Indo ta dawo da shi, jikinsa kamar garwashi. Da na ɗaye ledar, waɗanda ke ɗakin suka fita saboda wari.

Na ce, "Manu, me ya kai ka?"

Ya ce, "Lokotoro, injin naka yana tuƙa tuwo?"

Na ce, "Me ya hana ka kiran gayya?"

Ya yi dariya, da zazzaɓinsa da komai. Ya ce, "Gayya da me? Ka taɓa ganin an tara maza a gona an sallame su da ruwan rijiya? Rumbuna ko ɓera ya yi ƙaura. In kira mutane in ji kunya? Gara ƙafar."

Gara ƙafar. Jama'a, wannan kalma ce ta hana ni zama. Kakanninmu sun kafa gayya domin wanda ya kasa, mu mun mayar da ita ta wanda ya iya. Inda za a yanka rago, can ake jin ganga. Inda za a dama fura da nono, can ake samun majiya ƙarfi. Wanda ya fi kowa buƙatar gayya kuwa, shi ne wanda ba shi da bakin kiranta. Maƙwabta sun wuce Manu yana jan ƙafa da sungumi a hannu, Indo na bin sa tana zuba iri. Sun ga ledar, sun ji warin, sun ce masa sannu da aiki, sun wuce. Ba sama ce ta yi wannan ba. Sama ta hana mu ruwa, amma ba ita ta hana mu ganin juna ba.

Yanzu yana kwance, mun mayar da shi kan na'urar. Ƙafar tana tsakanin tsira da yanka. Hatsinsa ya tsiro, ciyawa ta taso masa, kuma yau da safe ya gaya mini ba zai kwanta yana kallon rufi gonarsa ta mutu ba. Ni likita ne, ba ni da ikon tsare kowa. In ya sake tashi, ni zan saka shi a mota zuwa Damagaram, ya dawo muku da ƙafa ɗaya, Indo ta samu bakin da za ta ciyar a madadin hannun da ke ciyar da ita.

Na san kowa da tasa gonar, kowa da nasa rumbun da ya yi sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Safiya ɗaya nake roƙo. Gayya nake kira da bakina, tunda nasa ya kasa, gayyar da kowa zai zo da furarsa a gorarsa, wanda ba shi da ita ya zo da hannunsa. Ina roƙon malamanmu su faɗa a masallatai cewa wannan ba abin kunya ba ne ga mai gona. Ranar Asabar, bayan sallar asuba, a bakin tashar Tsauni. Zan zo da fartanya, ko da yake hannuna ya manta ta. In kuwa ni kaɗai na tsaya a wurin, to ina roƙon baƙinmu su yi haƙuri su ɗauki kyautarsu, su kai ta garin da marar lafiya ke iya kwanciya.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya raya abin da muka shuka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci, ya kuma tashe mu da wuri ranar Asabar.

Na gode.