Jinin Hansai

A rumfar wanzami, kasuwar Runka, Hansai ta matsa wa wata tsohuwar Bafulatana ta zauna a tabarma.

"Sannu, 'yata. Ke ce ba lafiya?"

"Maigidana ne, Inna. Tun wucewar ayarin gishiri yake kwance. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gwiwoyi sun kumbura. Duk garinmu Wagini ba wanda ya taɓa ganin irin ciwon."

"Yana da shanu?"

"Biyu. Ɗaya ta yi ɓari, shi ya kama mata."

"Bakkale muke ce masa a ruga. Ba kasafai yake kama mutum ba. To, ke me ya kawo ki?"

"Wanzami zai yi mini ƙaho ya duba jinina, ko na ɗauka. Uwar maigidan ta keɓe shi a ɗakin baya. A ƙofa nake ajiye kunu, ta bayan zana nake jin nishinsa."

"Allah ya sa jininki ya fito lafiya lau."

Hansai ta sunkuyar da kai.

"Ban ji kin ce amin ba."

"Inna, in ya fito lafiya, ba za su bar ni in shiga wurinsa ba."