Kakan da Bai Yi Sata Ba

A ɗakin jiran ma'ajiyar tsofaffin takardu ta birnin Hobart, Noreen Tuohy sai jijjiga ƙafa take. Wani dattijo a gefenta ya gaji da kallo.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Kakan kakana. Shekara shida ina fama! Daga ƙasar Ailan ya zo, takardun can kuwa sun ƙone."

"Ni nawa har tabon goshinsa na samu a rubuce."

"Ta yaya?"

"Tunkiya ya sata, aka turo shi nan a ɗaure. Komai nasa yana cikin littafin fursunoni. Hukuma ai ba ta manta ɓarawo."

"Mu dai gidanmu ba ɓarawo! Kakata ta ce da kuɗinsa ya shiga jirgi."

"Haka tawa ma ta ce."

Ƙafar Noreen ta tsaya cak.

"Baba, littafin fursunonin nan, ina ake karɓarsa?"